Dogon Hutu Ya Zo, Wa Ka Bar wa Yaron?

Ɗana, makarantun boko sun rufe. Yara sun dawo gida da takardar sakamako, an wanke kayan makaranta an ninke, kuma nan da mako biyar ko shida babu ƙararrawar da za ta tashe su da safe. Ina so mu zauna ni da kai mu yi magana a kan waɗannan makonni. A Nima da Mamobi, unguwanninmu na Zango a Akra, mun iya shirin Sallah, mun iya shirin biki da suna, tun saura wata uku ake tara kuɗin anko ana neman kujeru da rumfa. Dogon hutu kuwa kowace shekara yana zuwa a lokacin da aka san shi, amma da wuya ka ga magidancin da ya zauna da matarsa suka ce, to, yaran nan me za su yi da safe, me za su yi da rana, wa zai ji karatunsu da dare.

Kuma hutun yanzu ya fi na zamaninmu tsawo. Yaron da ya rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare yakan yi wata uku, wani lokaci har huɗu, a gida yana jiran a ba shi sakandare. Da gwamnatin Gana ta kawo karatun sakandare kyauta a 2017, ɗalibai suka fi ƙarfin azuzuwa, sai a 2018 aka fito da tsarin karɓa-karɓa, rukunin kore da rukunin zinariya, waɗannan suna makaranta waɗancan suna gida. A lokacin ne iyaye da yawa suka fara ganin saurayi ɗan shekara 16 kwance a ɗaki da hantsi a tsakiyar shekarar karatu, kuma ba laifinsa ba ne. Sannan annobar korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, ƙananan yara ba su koma aji ba sai Janairun 2021. Ka tambayi kowane malami a unguwar nan abin da ya tarar a bakin yara bayan waɗancan watanni goma. Zai gaya maka yadda ya mayar da wasu baya suna sake biya surorin da suka riga suka wuce.

Ba sai na ja maka magana a kan yaron da aka sake ba, ka san hanyarsa fiye da ni. Barci har rana ta take, waya a hannu, majalisar samari a bakin kwata, shagon cacar ƙwallo, daga nan wani babban yaya mai sabuwar mota ya nuna masa yadda ake sakawa, wato damfara a intanet, wani ya miƙa masa tiramadol ya ce maganin gajiya ne. Duk uban da ke Zango yana tsoron wannan, kuma tsoron yana kan hanya. Abin da nake so in taɓa shi ne abin da tsoron yake sa mu yi.

Mafi yawanmu maganinmu ɗaya ne, a tura shi makaranta tun safe har La'asar, kada in gan ka a gida. Uban ya tafi nemansa hankali kwance, in an tambaye shi ya ce ai yana wurin malam. To, wata rana ka bar shagonka ka leƙa wurin malam ɗin da ƙarfe goma sha ɗaya. Rumfar kwano ce a jikin masallaci, ko aji ɗaya da aka ara, zafi yana saukowa daga sama, yara sun ninka na kullum saboda hutu, malami ɗaya da babban ɗalibi ɗaya mai riƙe da bulala. Na gaba suna biyawa da ƙarfi. Na tsakiya bakinsu yana motsi babu sauti. Na baya sun jingina allo a gwiwa sun ɓoye kai bayansa suna gyangyaɗi. Malamin nan bawan Allah ne, kuɗin Larabar da ake kawo masa ba ya isar sa cefane, kuma in ya ce zai saurari kowane yaro na minti biyar, rana za ta faɗi bai gama ba. Yaron da ya yini a nan, in ka auna karatun da ya shiga kansa da ƙyar ya kai na awa ɗaya, sauran duk ajiya ce aka ba malam. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaro ya tashi yana jin Alƙur'ani ne ya cinye masa hutu, abokansa suna fili shi yana ƙarƙashin kwano. Irin wannan yaro ranar da ya yi sauka, ko ranar da ya fi ƙarfin bulala, yakan rufe littafin rufewar da ba ya sake buɗewa sai azumi.

Magabatanmu ba haka suka tsara ba. Makarantar allo tun asali tana da hutun Alhamis da Juma'a, kuma malamai suna danganta wannan hutu da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Karatun ma kashi-kashi ne: na sassafe, na yamma, da na dare a gefen wuta. Tsakanin waɗannan almajiri yana gona, ko yana itace, ko yana ɗinkin hula. A ƙasar Hausa damina ta noma ce, in an gama girbi sai malam ya ɗauki almajiransa su tafi ci-rani, karatu ya kankama. Dubi Alhaji Umaru na Kete-Karaci, wanda duk mai ilimi a Gana yake ji da shi. An haife shi a Kano wajen 1858 a gidan fatake, hanyar goro ce ta kawo shi Salaga, bayan yaƙin Salaga na 1892 ya koma Kete-Karaci, ya karantar da ɗalibai daga ko'ina, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da ajami, ya rasu a 1934. Ayari da littafi tare suka yi tafiya a rayuwarsa. Ko waɗanda suka kafa unguwanninmu, Malam Bako na Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, da Malam Amadu Futa da ya sari Nima a farkon shekarun 1930 yana harkar shanu, da malam ake fara kiran sunansu, kuma kowa ya san suna da abin yi.

Ba mu kaɗai ne muke fama da wannan tambaya ba, kuma akwai wata al'umma da ta daɗe tana juya ta har ta kai ga wasu dabaru da suka cancanci a duba. Yahudawa nake nufi. Na san da abin da ke faruwa a Falasɗinu wani zai ɗaure fuska da jin sunan, ni ma zuciyata tana ciwo a kan jinin da ke zuba. Amma maganar da nake yi ta makarantun addini ce da suka girmi siyasar yau da ƙarnoni masu yawa. Ahlul Kitabi ne, kuma an hore mu da ɗaukar hikima a duk inda muka tsince ta.

Manyan makarantunsu na addini, da suke kira yeshiba, suna da hutu uku a shekara. Akwai wata guda cur na Nisan saboda Idin Ƙetarewa, akwai kamar mako uku a tsakiyar zafi bayan azuminsu na tara ga watan Ab, sai wani kamar mako uku daga babbar ranar azuminsu ta Yom Kifur har bayan Idin Bukkoki. Malamansu sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan hutu. Makarantar Bolozhin, da aka kafa a 1803 a yankin da yau yake cikin ƙasar Belarus, ta yi suna da cewa karatu ba ya yankewa a cikinta dare da rana, wani rukuni ya tashi wani ya zauna. Amma tun kafin nan da nisa, a ƙarni na 4, wani babban malaminsu a Babila mai suna Raba ya hana ɗalibansa zuwa wurinsa a watannin girbi da matsar inabi, don su tafi su nemi abincin shekara, kada yunwa ta hana su karatu a sauran watanni. A Babilar dai, wato Irakin yau, makarantun Sura da Fumbedita sun keɓe wata biyu a shekara, Adar da Elul, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, manoma da 'yan kasuwa su taru daga garuruwa su zauna gaban malamai. In ka sa wannan kusa da ci-ranin almajiranmu za ka ga tunani ɗaya ne.

Dabarar da ta fi burge ni ta zamanin kusa ce. A 1923, a wani taro a birnin Biyana, wani malaminsu ɗan Folan mai suna Meir Shafiro ya kawo shawara cewa kowane magidanci, komai aikinsa, ya karanta warƙa ɗaya ta babban littafin fiƙihunsu, Talmud, kowace rana. Warƙoƙin 2,711 ne, ana gama su cikin shekara bakwai da kamar wata biyar, a yi walima a sake farawa. A Janairun 2020 suka kammala zagaye na 13. Direba da likita da mai kanti duk a shafi ɗaya suke a rana ɗaya, ko da biki ko da hutu. A lokacin hutun yeshiba kuma unguwanni da yawa suna buɗe wa samari ɗakin ibada su yi karatun 'yan awoyi da safe, sauran yini su taya iyaye aiki ko su huta. Suna kuma da wani zama da ake yi a daren Asabar, uba ya zo da ɗansa su zauna gefe da gefe, yaron ya maimaita masa abin da ya koya a mako.

Abu biyu na ɗauka daga nan, kuma duka biyun namu ne tun asali, mun dai sake su ne. Karatu kaɗan mai tsayayyen lokaci wanda ba ya yankewa, da uba a cikin karatun da jikinsa.

Bari mu yi lissafi. Mus'hafin bugun Madina da ke kowane masallaci shafi 604 ne, izu ɗaya kamar shafi goma ke nan. A ce ɗanka yana da haddar izu biyar, shafi hamsin. In ya yi tilawar shafi biyu kowace safiya bayan Asuba, cikin kwana 25 ya zagaye haddarsa kaf, kafin hutun mako shida ya ƙare ya sake cin fiye da rabi. In malam yana yi masa ƙarin rabin shafi a rana, aka cire Alhamis da Juma'a, kwana talatin za su ba shi shafi goma sha biyar, izu ɗaya da rabi. Duk wannan bai wuce awa biyu zuwa uku a rana ba, da safe lokacin da kai yake sanyi. In ya ɗan tasa, a haɗa masa da babi ɗaya na Ahalari ko Ishmawi, ko hadisi ɗaya daga Arba'una a mako, a fassara masa da harshen da yake ji, ya san abin da ke karya alwala da abin da ke sa ƙabli da ba'adi. Yaron da ya yi wannan da natsuwa ya tashi da hantsi ya fi wanda ya yini yana gyangyaɗi bayan allo, kuma ya tashi yana marmarin gobe. Hadda kamar wutar murhu ce, itace ɗaya-ɗaya da ake turawa kullum shi ke riƙe ta, in aka jibga mata dami a rana ɗaya hayaƙi za ta yi.

Kada kuma ka manta da littafin boko. Rabin awa na lissafi ko karatun labari da Turanci ya isa ya hana shi komawa aji da kai fayau. Akwai ɗakin karatu na jama'a a nan Nima da Mamobi da aka gina don yaranmu, kuma da yawa daga cikin iyaye ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Tun 1987 da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana aka daina ce wa ɗan Zango ya zaɓi ɗaya tsakanin allo da aji, bai kamata hutu ya dawo mana da tsohuwar rigima ba.

Sai maganar aiki. Ina goyon bayan yaro ya yi aiki a hutu, ƙwarai kuwa. Hannun da ya saba da almakashi ko sifana tun yana ƙarami ba ya jin kunyar nema in ya girma, kuma gidaje da yawa a nan suna buƙatar wannan taimako, babu abin ɓoyewa. Amma aiki iri-iri ne. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta ce aiki mara nauyi daga shekara 13 yake farawa, ɗaukar aiki sosai da koyon sana'a daga 15, aiki mai haɗari kuwa sai 18, kuma ta hana sa yaro aikin dare daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe. Ko babu doka, tausayi ya isa ya gaya maka haka. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke rataye a ƙofar motar haya ta trotro yana kiran fasinja, ko wanda ke ƙona wayoyin lantarki don ya ciro jan ƙarfe yana shaƙar baƙin hayaƙi, ko wanda aka ba okada ya shiga titin Nima da ita, wannan an sayar da lafiyarsa ne da arha.

In za ka kai shi koyon sana'a, wurin tela ne, ko kafinta, ko masu gyaran waya a Sakul, ko masu kayan mota a Abosi Okai, ka kai shi da ƙafarka. Ka ga maigidan da idonka, ka ga su wa ke zama a shagon, ka ji irin maganar da ke fita a bakinsu. Ka faɗa masa sharaɗinka a fili: bayan karatun safe zai zo, in an kira salla a sake shi, kafin Magariba yana gida, kuma ranar da aka koma makaranta ya koma. Wannan na ƙarshen shi ne inda muke asarar yara. Saurayi ya ɗanɗani sidi hamsin na kansa a aljihu, sai aji ya fita daga ransa, ya ce malamin da ke koya masa ma nawa yake samu. Maganinsa shi ne ka san abin da yake samu, ku raba shi tare: wannan na littattafai da takalmi, wannan ka ba mahaifiyarka ta sa maka albarka, wannan naka ne ka ci abin da kake so. In ka bar shi da kuɗin shi kaɗai, ko ka ƙwace duka, ko ta wane gefe ka koya masa ɓoye maka.

Ke kuma 'yata, uwar gida, ina da magana da ke a kan 'ya'ya mata. Na san ƙarfe huɗu na dare kike tashi. Na san kafin a kira Asuba kin dama koko, mai ya yi zafi, ƙosai ya fara iyo a kasko, wake da shinkafa yana kan wuta, kuma hannu biyu ba sa isa. Yarinyar ce ke ƙulla koko a leda, ita ke kai wa masu saye, ita ke wanke tukwane, ita ke goyon ƙaninta, kafin ta ɗaga kai Azahar ta yi. Ɗan'uwanta namiji yana da lokacin makaranta, yana da lokacin ƙwallo, ita hutunta gaba ɗaya ya tafi a bakin murhu. Wannan ba adalci ba ne. Ki ware mata awanninta na karatu da babu mai aikenta a ciki, ki raba aikin gida har da mazan, ɗebo ruwa da wanke-wanke ba su taɓa rage wa namiji komai ba. Tallan dare kuwa, ina roƙon ki don Allah ki yafe ribar da ke cikinsa.

Wasa ma haƙƙinsu ne. Da La'asar sakaliya a bar yaro ya tafi filin Kawukudi ya buga ƙwallo ya yi gumi. Kowane yaro a Nima yanzu yana ganin kansa ɗan ƙwallon nan Muhammad Kudus, kuma ba laifi, ɗan unguwa ne, a ƙungiyar Strong Tower ya fara. Sai dai a tuna musu cewa makarantar ƙwallon da ta ɗauke shi, Right to Dream, da aji da littafi take haɗawa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ɗana. Malam zai iya riƙe maka safiya. Maigidan sana'a zai iya riƙe maka rana. Akwai kaso na uku da babu wanda za ka biya ya riƙe maka, shi ne zaman gida da kai a ciki. Na san uzurinka, kuma ban raina shi ba. Ɗaki ɗaya ne da baranda a gidan haya, kana fita kafin gari ya waye, cunkoson Akra yana cinye maka awa biyu a hanya, ka dawo jiki duk ya mutu. Amma na kuma san bayan Isha'i kana da ƙarfin zama a majalisa har sha ɗaya ana shan shayi ana gardamar siyasa da ƙwallon Ingila. Daga cikin wannan ƙarfin nake roƙon rabin awa.

Tsakanin Magariba da Isha'i ka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. Ka kife wayarka. Ka riƙe Mus'hafi, yaron ya zauna gabanka ya karanto abin da ya biya da safe. Zai fara da gudu don ya burge ka, zai kai wata aya mai kama da wata ya tsallaka zuwa wata sura bai sani ba, ya tsaya, ya ɗago ido ya dube ka. A wannan dubawar ake gane uba. Kada ka daka tsawa, kada ka kai hannu. Ka ɗora yatsa a kan wurin, ka ba shi kalmar farko kawai, ka bar shi ya kamo sauran da kansa. In ya kai ƙarshe ka ce madalla, Allah ya yi maka albarka, ƙanwarsa ta matso da nata. Daga nan hira za ta ɓalle da kanta, ka ji wa ya zage shi a shago, wa ya ba shi kyautar da ba ka san dalilinta ba, me ya gani a waya da ya dame shi. Abin da yaro zai gaya maka a kan tabarmar nan, ko da bulala goma ba za ka ciro shi ba.

Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Allah ya saka masa da alheri, wanda aka haifa a nan Akra a 1919 kuma yake riƙe da limancin ƙasa tun 1993, a gida ya fara karatu, da rana wurin mahaifinsa Shehu Nuhu, da dare wurin mahaifiyarsa, kafin a tura shi Kumasi wurin Shehu Abdullahi Ɗantano. Mutumin da shugabannin ƙasa ke zuwa gaishe shi, wanda Kirista da Musulmi ke miƙewa in ya shigo, harsashinsa iyayensa biyu ne suka zuba da hannunsu.

Wataƙila ka ce kai karatunka bai yi nisa ba, yaron ma ya wuce ka. To, alhamdu lillahi, ka zauna ya karanta ka saurara, ka ce ya gyara maka Fatiha da ƙananan surori. Babu abin da ke ɗaga darajar karatu a idon yaro kamar ya ga mahaifinsa yana nema. Kuma ƙofar karatun manya ba a rufe take ba. A masallatan Nima da Mamobi da Niyutawun akwai malaman da ke zama bayan Asuba ko bayan Magariba suna karantar da Iziyya da Risala da tafsiri, tela da mahauci da direba kowa da littafinsa, a biya masa layi biyu ko uku ya tafi nemansa. Ka sami naka layi biyun. Uban da ke cewa tashi ka tafi makaranta alhali ba a taɓa ganin sa da littafi ba, yaro yana jin maganarsa, yana kuma kallon ƙafarsa.

A cikin hutun ka ware kwanaki na zumunci. In akwai hali a kai su wurin kakanni a Kumasi ko Tamale ko Bawku, su ga inda aka fito, su ji harshen gida a bakin tsofaffi, ko Hausa ce ko Dagbanci ko Kotokoli ko Zabarmanci, don da yawa daga cikin yaranmu yanzu gaisuwa kaɗai suka iya. In babu hali, gwaggo tana Madina, kawu yana Ashaiman ko Fadama, kuɗin mota ne kawai. Ranar Juma'a ka riƙe hannunsa ku tafi babban masallacin Kanda tare, a hanyar dawowa ku biya ku duba mara lafiya. Ya ga yadda ake durƙusa wa babba, yadda ake sallama a ƙofar gida, yadda ake ajiye ɗan abu a gefen tabarmar majinyaci ba tare da an nuna ba. Sai dai in za ka tura yaro hutu gidan wani, ka san wa zai kwana da shi a ɗaki, kuma shafinsa biyu na safe su bi shi can.

Kai kuma saurayi da ka karɓi wannan takarda daga hannun babanka kana karantawa, jikana, hutun naka ne kafin ya zama na kowa. Ka kai shekarun da ba sai an tashe ka ba. In babanka bai kira ka tabarma ba, kai ka ɗauko Mus'hafin ka kai masa ka ce Baba ji mini. Da wuya ya ce a'a.

Gobe bayan Asuba, ɗana, kada ka yi saurin fita. Ka tsaya ka gaida malamin yaranka. Ka tambaye shi a wace sura kowannensu ya tsaya, ina ne yake tuntuɓe, ƙarfe nawa ya kamata a sallame shi. Ku yi magana da sauran iyaye ku ƙara wa malam abin hannu a watannin hutu, don ya iya ɗaukar mataimaki ya raba yaran rukuni biyu, manya da sassafe, ƙanana da hantsi. In ka dawo gida ka kira uwarsu da su kansu yaran, a rubuta tsarin a takarda da hannun babbansu, a manna a bayan ƙofa, kuma a cikin abin da za a rubuta har da lokacin da kai za ka dawo.